Masu Kukan Garnaɗa, Ina Labarin Dutsen Habude?

Akwai wata sabuwar al'ada da ta shigo cikin manyanmu a zamanin nan, wadda mu ke so mu yi magana a kanta yau, ko da maganar za ta yi wa waɗansu ɗaci. Da zarar Allah ya buɗa wa mutum, ya sami abin hannu ko ya hau wata kujera, bayan ya sauke farali ya yi Umra sau biyu sau uku, sai ka ji ya ce saura Andalus. Sai ya ɗaura kaya, ya hau jirgin sama zuwa ƙasar Sifaniya, ya sauka Garnaɗa ko Ƙurɗuba, ya kwana uku yana zaga fadar sarakunan Musulmi na da. In ya komo kuwa, jama'a ba su da sauran sukuni. A zaure, a ofis, a wurin ɗaurin aure, ba shi da hira sai ta Alhamra. Ya nuna maka hotuna, ya girgiza kai, ya ce, "Kaico! Dubi abin da muka yi hasara." Waɗansu har da ƙwalla.

To, mu ba mu hana kowa tafiya ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuwa ya kori ji. Hawayen nan ne mu ke da magana a kansu. Gama mai kukan nan, in ka bincika, sau ɗari ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya ratsa Birnin Kudu a guje, bai taɓa ce wa direbansa ya tsaya su ga Dutsen Habude ba. Watakila ma bai san akwai shi ba. Wanda ya ƙetare teku don ya yi kukan gadon da aka ƙwace shekara 500 da suka wuce, alhali gadon da ke hannunsa yana lalacewa a bayan gidansa, wannan kukan nasa ba mu karɓa ba.

Bari mu fara da gaskiyar da ke wajensu, don kada a ce mun tauye su. Abin da su ke gani can ya isa a yi mamakinsa. Musulmi sun shiga ƙasar a shekara ta 711 tare da Ɗariƙu ɗan Ziyadu, ta wurin wani ɗan siririn teku da ya raba ta da Maroko, wanda faɗinsa bai kai mil 10 ba. A wajen 785 Sarki Abdurrahman na Farko ya aza harsashin babban masallacin Ƙurɗuba, magadansa suka yi ta ƙara masa faɗi, har yau ginshiƙansa da ke tsaye sun fi 800. Ƙurɗuba ta faɗa hannun Nasara a 1236, aka mai da masallacin coci. Ishbiliya ta bi ta a 1248. Garnaɗa kaɗai ta rage, inda sarakunan Banu Nasru suka gina Alhamra a kan tudu tun daga 1238, da zane a bango mai kama da saƙa, da ruwa yana gudana cikin tsakar gida, da wata maɓuɓɓuga da zakoki 12 na dutse ke ɗauke da ita. Ran 2 ga Janairu, 1492, sarkinsu na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa mabuɗan gari ga Sarki Fadinandu da Sarauniya Isabela. Mulkin shekara 781 ya ƙare ke nan. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori jikokin Musulmin da suka rage daga ƙasar baki ɗaya.

Masu labari sun ce da Abu Abdullahi ya fita gari ya kai kan wani tudu, sai ya waiwaya ya dubi fadarsa ya fashe da kuka, uwarsa ta tsawata masa, ta nuna masa cewa abin da bai tsare da hannunsa ba hawaye ba za su komo da shi ba. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, tsawar tsohuwar nan ta dace da matafiyanmu na yau.

Ga tambayar da ba su yi wa kansu: wa ya tsare musu Alhamra har suka je suka same ta? Jikokin waɗanda suka ci garin da yaƙi ne. Ba kuwa tun farko suka san darajarta ba. Akwai zamanin da aka yi watsi da ita, marasa wurin kwana suka tare a ɗakunan sarakuna, rufi yana yoyo, bango yana tsagewa. A 1812 sojan Faransa, da za su janye, suka sa albarushi suka fasa waɗansu hasumiyoyinta. Sai da wani baƙo, marubuci daga Amurka wai shi Washington Irving, ya zauna a cikinta a 1829, ya buga littafi a kanta a 1832, sa'an nan duniya ta waiwayo, masu gida suka ji kunya. A 1870 gwamnatinsu ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta tsare. Daga 1923 zuwa 1936 wani gwanin gini, Leopoldo Torres Balbás, ya duƙufa yana gyaranta ɗaki ɗaki, yana kiyaye kada ya sauya mata kama. A 1984 hukumar UNESCO ta sa ta cikin abubuwan gadon duniya. A shekarun nan fiye da mutum miliyan 2 ke biyan kuɗi su shiga ta kowace shekara, cikinsu har da alhazanmu masu kuka. Mutanen da addininsu dabam, harshensu dabam, su ne suka share ta, suka toshe mata yoyo, yau kuma ga shi suna ci da ita.

Yanzu mu komo gida. A shekarar nan ta 1492 da Garnaɗa ta faɗi, wa ke sarauta a Kano? Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, a zamaninsa kuma Shaihu Magili ya zo daga ƙasar Tilimsan ya rubuta masa littafi a kan yadda a ke riƙon mulki. Watau sa'ad da fitila ke mutuwa can, nan ana kunna ta. Ganuwar Kano kuwa, bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Ashe ta girmi Alhamra da fiye da shekara 100. Gwamna Lugga da kansa, da ya gan ta a 1903 bayan sojansa sun ci garin, ya shaida bai ga irinta a Afirka ba.

Ina ganuwar nan yau? Ku zaga ku gani. Wani wuri an ɗebe ƙasarta an yi tubali, wani wuri an yanka fuloti an yi kantuna a kanta, wani wuri ta zama juji. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa hanya. A Zariya, masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda masana gini na ƙasashen duniya ke zuwa su auna bakan gizonsa, wani sashe nasa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin salla, aka yi hasarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Ku gaya mana, wane Fadinandu ne ya kawo yaƙi Kano a 2010? Wace Isabela ce ta ɗebi ƙasar badala? Na Andalus da takobi aka karɓe musu. Namu kuwa da tebur da kwando da katafila a ke cinye shi, da rana tsaka, kowa na kallo.

In ka faɗi haka, sai wani ya ce, "Ai nasu ginin dutse ne, namu na ƙasa, dole ruwa ya ci shi." Mai wannan magana ya je Garnaɗa amma bai duba ba. Ma'anar Alhamra da Larabci ita ce ja, ganuwarta da hasumiyoyinta kuwa yawancinsu jar ƙasa ce aka cakuɗa da tsakuwa da farar ƙasa aka daddaɓe. Adon da ke ɗauke ido a ciki, yawancinsa farin yaɓe ne da itace, abin da damina biyu za ta iya lalatawa in rufi ya yoye. Abin da ya tsai da ita shi ne ba a barin tsaga ta kwana. In kuwa ana son misali daga ƙasar baƙar fata, a dubi Mali. Wani mawaƙi mutumin Garnaɗa, Abu Ishaƙa Assahili, ya haɗu da Mansa Musa a Makka a 1324, ya biyo shi gida, ya rasu a Tumbuktu a 1346, shi a ke danganta wa ginin babban masallacin garin. Masallacin nan na ƙasa ne, yana nan tsaye. Na Jenne kuma, wanda aka sake ginawa a 1907, kowace shekara mutanen gari kan fito ƙwansu da kwarkwatarsu su yi masa gayyar yaɓe. Kakanninmu ma haka su ke yi wa ganuwa, kowace unguwa da rabonta in damina ta wuce. Ƙasa ba ta gaza ba, gayya ce ta mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, Birnin Kudu fa, da muka sa a kan maganarmu? Abin da ke nan ya girmi maganar ganuwa da soro. A cikin duwatsun da ke kewaye da garin, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai inuwoyin dutse inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutsen, galibi da jan launi. Ku lura da shanun: waɗansunsu masu dogayen ƙaho ne, ba su da tozo, irin da ba a kiwo a ƙasar nan yanzu. Masana suka ce wannan alama ce ta makiyayan da suka zauna nan tun shanu masu tozo ba su cika ƙasar ba, zanen kuma ya yi kama da waɗanda a ke samu a duwatsun Sahara. Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa, waɗanda in ka buga da ɗan dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa, jikinsu duk gurabe saboda yawan bugu na tsawon zamani. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, a nan Birnin Kudu ya lura da su a 1955, ya buga labarinsu a Ingila a 1956, daga nan masu bincike suka shiga neman irinsu a sauran ƙasashen Afirka. Ya kuma rubuta cewa a lokacin amare kan je wurin a ranar biki. Gwamnati ta sa wuraren nan cikin kayan tarihin ƙasa, suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya.

Kun ga labarin ya so ya yi kama da na Alhamra. Can baƙo ya zo ya nuna wa masu gida darajar abinsu, nan ma baƙo ya zo ya nuna. Inda aka rabu shi ne, can masu gida sun karɓi aikin daga hannun baƙo sun ci gaba da shi. Nan kuwa, shekara 70 bayan Fagg, sunan Birnin Kudu ya fi sanuwa ga masu binciken zanen dutse a jami'o'in Turai bisa ga yadda ya sanu ga ɗan makarantar Gwaram, wanda ke maƙwabtaka da shi. Garin nan ba matalaucin mutane ba ne. Ƙasarsa ta ba Jihar Jigawa gwamnoni biyu tun da aka kafa ta a 1991, kwalejin gwamnati da ke cikinsa kuma ta yaye manyan ma'aikata da attajiran da sunansu ya zaga duniya. Cikin dubban da suka yi karatu a gindin duwatsun nan, nawa ne suka rubuta ko da ɗan littafi mai shafi 20 da Hausa a kansu, don yara su karanta?

Zanen dutse kuwa abu ne mai rauni. Hayaƙin wutar da mafarauci ko makiyayi ya hura a ƙarƙashinsa ya isa ya baƙanta shi. Yaro mai gawayi da ke son rubuta sunansa ya isa ya ɓata shi. Mai yayyafa masa ruwa don hoto ya fito sosai yana kankare shi ne bai sani ba. Ga kuma masu fasa dutse su sayar da tsakuwa, sana'ar da ta bazu ko'ina a ƙasar nan saboda yawan gine-gine. Soro in ya faɗi, magini ya iya ta da wani a gurbinsa. Saniyar da aka zana tun kafin a san sunan garin, in ta tafi, duk dukiyar Nijeriya ba ta komo da ita.

Mun san akwai masu cewa, "Me ya haɗa Musulmi da zanen mutanen jahiliyya?" Muna girmama mai wannan magana in tsoron Allah ne ya sa shi, amma muna roƙonsa ya duba. Ba wanda ya ce a yi wa dutse yanka ko a roƙe shi. Littafin Allah ya yi ta kiranmu ga yawo cikin ƙasa da duban kufan waɗanda suka gabata don mu wa'aztu. Sahabbai sun ci Masar tare da Amru ɗan Asi, suka tarad da dalar Fir'auna, suka bar ta tsaye. Masallacin Ƙurɗuba da a ke kuka a kansa, da yawa cikin ginshiƙansa na farko daga gine-ginen Rumawa aka ɗebo su. Zakokin nan 12 kuma a fadar sarki Musulmi su ke, Muhammadu na Biyar. Abin mamaki, mutum ya biya kuɗi ya tsaya gaban zakin Garnaɗa a ɗauke shi hoto, ya komo gida ya ce saniyar Habude haramun ce. In ƙyama ce, a yi ta ko'ina. In kuwa raini ne don abin na gida ne, a kira shi da sunansa.

Har wa yau, ga wani abin da zai ba ku dariya da takaici. Andalus ɗin da su ke ƙetare teku nema, rabinta tana zaune a zaurukan malamanmu. Almajirin da ya gama Ahalari da Ishmawi ya ɗauki Ƙurɗabi, sunan Ƙurɗuba ne ke bakinsa. Ishiriniyar da a ke rerawa daren Mauludi, Alfazazi mai ita haifaffen Ƙurɗuba ne, ya rasu a 1230. Ashafa da a ke karantawa da azumi, mai ita Alƙali Iyal ya yi alƙalanci a Garnaɗa, ya rasu a 1149. Alfiyyar da a ke koyon nahawu da ita, Ibnu Maliki mutumin Jayyan ne ta Andalus. Tuhufa da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, Ibnu Asimu alƙalin Garnaɗa ne, ya rasu a 1426. Muwaɗɗa ta Imamu Maliki ma, ruwayar da ta fi yaɗuwa ta Yahaya ɗan Yahaya ce, malamin Ƙurɗuba. Mutanen Sifaniya sun riƙe bango, mu muka riƙe karatu. Amma je ka ga inda takardun su ke: cikin gafaka a ƙarƙashin gado, gara na ci, ɗaki na yoyo, malam ya rasu magada sun raba ganye ganye. Mai kukan littattafan da aka ƙone a dandalin Garnaɗa a wajen 1500 bai taɓa sayen akwati ɗaya ya kai wa malamin unguwarsu ba.

Saura masu cewa, "Mutane na fama da yunwa, ku kuna maganar duwatsu." Wannan magana da a bakin talaka ta fito da mun yi shiru. Amma daga bakin wanda ya kashe kuɗin jirgi da na masauki ya je kallon duwatsun waɗansu, ba ta da daɗin ji. Balle ma Garnaɗa ta nuna cewa tsohon bango na ciyad da mai masauki da mai abinci da mai mota da ɗan jagora. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Don kada a ce mun yi faɗa ba mu kawo shawara ba, ga abin da mu ke roƙo. Na fari, hakimai da dagatai na Birnin Kudu da Gwaram, tare da majalisun ƙananan hukumomi, su shata iyaka kewaye da kowane dutse mai zane ko mai kiɗa, a hana fasa dutse da hura wuta a ciki, a sa masu gadi daga mutanen wurin, a riƙa biyansu a kan kari. Na biyu, kowane shugaban makaranta a ƙasar Dutse ya kai yaransa su gani da idonsu ko sau ɗaya kafin su fita, gama yaron da aka nuna wa abu yana ƙarami ba ya rubuta sunansa a kai da gawayi. Na uku, samarinmu masu ilmi su zauna da tsofaffi tun suna da rai, su rubuta abin da suka sani na duwatsun nan da na kafuwar garuruwan, da Hausa, a buga. Kowane tsoho da aka kai kushewa, da littafinsa a ke binne shi. Na huɗu, a bi gidajen malamai a ƙidaya littattafan hannu, a ɗauki hotonsu, a bar wa masu su abinsu cikin akwati mai kyau. Na biyar, gwamnatocin jihohi su nemi sauran magina masu sanin tubali da azara da makuba, su ba su aikin gyaran tsofaffin soraye, su haɗa su da yara masu koyo, tun sana'ar ba ta bi su kabari ba. Na shida kuwa naku ne, ya ku matafiya. Duk wanda ya yi niyyar Andalus, ya ware ushirin guzurinsa ya sa a ɗaya daga cikin ayyukan nan, ya kuma tsaya Birnin Kudu ya ga Habude tukuna, don in mutumin Garnaɗa ya tambaye shi me ke ƙasarsu ya sami abin faɗi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abu Abdullahi ya yi kuka ne bayan mabuɗi ya bar hannunsa, ihu bayan hari ke nan. Namu mabuɗin har yanzu yana hannu: shanun suna nan a jikin dutse, duwatsun suna amo in an buga, sauran ganuwa na tsaye, takardun ba su gama ruɓewa ba. In aka bari suka tafi, jikokinmu ba su da wani Fadinandu da za su ɗora wa laifi, sai su buɗe littafi su ga sunayen waɗanda ke riƙe da ƙasa a zamanin nan. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya kuma sa mu gama da duniya lafiya, amin.